Idon Uwar Biyu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai wankin hoto ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa. A ciki akwai kanta ta gilashi, benci, kwamfuta, injin fitar da hoto wanda sai ya yi tari kafin ya fara aiki, da wani shuɗin labule a bango saboda masu fasfo. Mutum zai shigo da wayarsa, ya yi ta murza yatsa har ya gano hoton da yake so, ya tura, Kawu ya mayar masa da shi takarda. Ya fara sana'ar tun zamanin fim, lokacin da wankin hoto wanki ne na gaske, da ruwan magani da ɗaki mai duhu. Yanzu ko ɗigon ruwa babu a aikin, amma sunan ya zauna daram.

Da wayoyi masu kyamara suka yi yawa, abokan sana'arsa da dama sun koma sayar da caja. Shi bai motsa ba. Ya ce hoton da ke cikin waya aro ne, ranar da ta faɗa bokiti mai shi ya karɓi abinsa. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji wannan wa'azi, ko da inuwa ya shigo sha. Kuma lokaci ya gaskata shi. Mutane sukan zo masa bayan an sace waya, ko bayan an yi rashi, suna tambaya ko yana da sauran wani abu nasu a kwamfuta. Yawanci yana da shi. Sai dai ba lallai su gane kansu ba.

A unguwa ba mai kiransa mai hoto. Ɗan Taɓawa ake ce masa. Duk wanda ya ba shi hoto, sai ya gyara tabarau ya duba, ya ce zai ɗan taɓa shi. Ba shawara yake nema ba, sanarwa ce.

Taɓawar Kawu tana farawa daga ƙuraje. Daga nan ta wuce furfura, ta cike giɓi, ta rage tumbi, ta goge gumi. Idan akwai igiyar shanya a bayan mutum, sai ta tafi da kayan da ke kanta. Akuya ba ta taɓa tsira a hotonsa ba. Wani magidanci ya taɓa kai fasfon da Kawu ya yi masa wani ofis, ma'aikacin ya dubi hoton, ya dube shi, ya ce ya koma ya turo mai hoton da kansa. Da mutumin ya dawo yana ƙorafi, Kawu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce laifin ba na hoton ba ne.

Shi a ganinsa madubi aka yi don faɗin gaskiya, shi ya sa ba a daɗewa a gabansa. Hoto kuwa bango zai hau, jikoki su taso su gan shi, kuma bai ga dalilin da zai sa mutum ya bar wa jikokinsa gadon ƙurji ba. Mafi yawan mutane sun yarda da shi. Sukan karɓi hoton, su ƙura masa ido, su ce ai kuwa ranar sun yi kyau. Idan ya gama gyara, sai ya ajiye sabon a kan tsohon, na asalin ya ɓace. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce mai aski ba ya adana gashin da ya aske.

A gidansa na zauna shekarun da nake jami'a, don ya fi kusa da makaranta. Matarsa, Uwar Biyu, ita kaɗai ce taɓawar ba ta taɓa burgewa ba. Gajeriya ce, mai sauri, mai muryar da ake ji daga bakin titi. 'Ya'yansu tagwaye ne mata, ɗaya ta zama nas, ɗaya malamar makaranta. Yaya Nas da Yaya Malama nake ce musu. Tun suna sakandare uwarsu ta yi wata jinya, ta warke, amma fatar idonta ɗaya ta sauko ta rufe rabin idon, ba ta ƙara ɗagawa ba. Ita abin bai dame ta ba. Cewa take yi abin da ke cikin gidan nan bai kai a buɗe masa ido biyu ba.

Kawu ne abin ya dama. Duk hoton da ya ɗauke ta, sai ya kwafi lafiyayyen idon, ya juya shi, ya ɗora a gurbin ɗayan. Tunda ya riga ya zauna, sai ya ɗan taɓa kunci, ya ɗan taɓa wuya. Ya kawo gida a firam. Ita kuma ta karɓa, ta riƙe shi nesa da fuska, ta ce, "Ƙanwata ta sake yin hoto. Ka gaishe ta." Sai ta rataye shi a falo, ta riƙa share masa ƙura kamar sauran kayan ɗaki. Ba ta da ƙanwa.

Ban da mijinta, ba ta yarda kowa ya ɗauke ta. Da ta ga an ɗaga waya, tafin hannunta ya riga kyamara. Ta ce mutum ɗaya da ke yi mata ƙarya ya ishe ta. Saboda haka wayoyin danginmu cike suke da hannun Uwar Biyu: hannu da cokali, hannu da kumfar sabulu, hannu a wurin taro da zobe.

Ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, ba da daɗewa ba da na bar gidan na fara aiki. Kawu ya rufe shago na ɗan lokaci, sannan ya buɗe, ya ci gaba da rage wa mutane tumbi. Ni kuma nakan biya ta wajensa idan na taso, in gaishe shi, in zauna a benci. Ba ma yawan magana, shi ya sa muke shiri.

Yaya Malama ce ta fara cewa tana son babban hoton mahaifiyarta a ɗakinta. Kawu ya zaɓi wanda ya fi alfahari da shi, ya wanke a takarda mai ƙyalli, ya sa firam mai ruwan zinare. Ina wurin ta zo karɓa. Ta ɗaga shi, ta daɗe tana kallo, ta yi godiya, ta jingina shi a jikin bango.

"Baba, wannan ai ƙanwar Mama ce," ta ce. "Ni Mama nake so."

Kawu ya ce wannan ba wani aiki ba ne. Wanda ya ɗaga ido zai iya sauke shi. Ya ce ta dawo jibi.

Washegari na same shi gaban kwamfuta, fuskar matarsa ta cika allon, hannunsa a kan linzamin kwamfutar, bai motsa ba. Na gaishe shi. Can, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "'Yar nan, wane ido ne?"

Na zauna da matar nan shekaru, ta ciyar da ni, ta yi min faɗa, ta yi jinyata da na yi zazzaɓi. Amma ni ban cika kallon mutane a ido ba, balle ita. Da silifas ɗinta ya tambaye ni, da na ba shi amsa har da inda ya tsinke. Na ce ina jin dama ne. Ya ce shi ma haka yake ji, amma jiya hagu yake ji.

Aka kira tagwaye. Yaya Nas ta ce dama ne, ba tantama, aikinta ne lura da irin wannan. Yaya Malama ta ce hagu. Aka tambaye su damar wa da hagun wa, na mai kallo ko na wadda ake kallo. Kowacce ta ɗora hannu a fuskarta, ta juya, ta rikice, sannan ta koma kan bakanta. Mahaifiyata ta runtse ido ɗaya, ta buɗe, ta runtse ɗayan, ta ce Allah ya jiƙan ta, mutuniyar kirki ce.

Aka duba hotunan zamanin fim. A can budurwa ce, idanunta biyu lafiya lau. Aka ɗauko katin shaidarta, wanda ba Kawu ya ɗauka ba. Hasken kyamara ya sa ta rufe duka biyun.

Kawu bai karaya ba. Ya yi hoto biyu, a ɗaya ya sauke dama, a ɗaya hagu, ya jera su a kan kantar shago. Duk wanda ya san ta ya shigo, sai ya tambaye shi. Mai gyaran fanka ya zaɓi na dama. Mai katifa ya zaɓi na hagu, amma shi duk abin da mai fanka ya zaɓa ba ya zaɓa. Wata tsohuwa da suka yi shekaru suna gaisawa da marigayiyar ta ce duka biyun sun yi kyau, ta tambaya wace ce. Gaskiyar ita ce babu wanda ya yi kama da ita. Kyakkyawar mace ce da barci ya fara ɗauka, sau biyu. Kawu ya ƙare rayuwarsa yana koyon cirewa, bai taɓa koyon mayarwa ba. Kuma ba ido kaɗai ya cire ba, sauran ma ya manta inda suke.

A kwanakin nan aikinsa ya lalace. Ya riƙa karɓar hoto yana wankewa yadda aka kawo shi. Wata mata ta dawo da nata ta ce wannan ba ita ba ce. Wani ya sami akuya a bayansa, ya ce a da ba a yi masa haka. Kawu ya ba su haƙuri, ya gyara, amma hankalinsa ba ya wurin. Ya rame. Rigarsa ta fara yi masa yawa, abin da a da sai a hoto yake faruwa da mutane.

Wata yamma na iske ya kife hotunan biyu a kan gilashi. Ya ce min da farko yana ganinta sarai, tsaye a ƙofar kicin tana yi masa faɗa. Yanzu kuwa ya yi ta kallon na bangon falo har sun shiga gabanta.

"Idan na rufe ido, wadda na gyara nake gani," ya ce. "Ita ko faɗa ba ta yi."

Na gyara zaman jakata a cinya.

Daga nan ya fara bin gidaje. Duk wanda ya taɓa zama da ita a taro, sai ya roƙe shi ya duba wayarsa. Mutane suka duba da zuciya ɗaya. Abin da aka samu kashi biyu ne: hotunan da shi da kansa ya gyara ya tura musu, sai kuma hannu. Wani ya kawo ƙeyarta.

Yaya Nas ce ta tuna da Mai Ƙanƙara. Ta faɗa ƙasa-ƙasa, kamar mai ambaton abin da likita ya hana.

Mai Ƙanƙara maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su. Tana da manyan firiza a baranda, tana sayar wa masu shaguna ƙanƙara. Tsakanin ƙofarta da ta su Kawu akwai ɗan kwari inda ruwa ke kwanciya, kuma a kan wannan ruwan ita da Uwar Biyu suka yi shekaru suna rigima. Mai Ƙanƙara ta ce ruwan wankin Uwar Biyu ne. Uwar Biyu ta ce mai sayar da daskararren ruwa bai kamata ya tambayi inda ruwa ya fito ba. Kawu bai taɓa sa baki ba, amma ya tsaya bayan matarsa, ya daina amsa gaisuwar gidan da fiye da kalma ɗaya. Abin da Yaya Nas ta tuna shi ne, akwai lokacin da Mai Ƙanƙara ta rantse za ta kai ƙara wajen mai gidajen, kuma da shaida za ta je. An sha ganinta a taga da waya.

Kawu ya ce ba zai je ba. Matar da ta ɗaga wa matarsa murya, ba zai je ya roƙe ta komai ba. Ya faɗa, ya maimaita. Da na biyo washegari, na same shi ya sa rigar fita, ya ce in raka shi, kada a ce shi kaɗai ya je.

Mun same ta tana fasa ƙanƙara da guduma. Doguwa ce, hannayenta sun yi fari saboda sanyi. Ta ajiye gudumar, ta kawo kujeru. Suka yi doguwar gaisuwa, irin ta mutanen da ke tsoron abin da zai biyo baya. Ta sake yi masa ta'aziyya, ya sake amsawa. Ya tambayi kasuwa, ta ce wuta ce matsala. Ya ce wuta kam. Suka daɗe a kan wuta.

Da ya faɗi abin da ya kawo shi, ta dubi ƙasa. Ta ce ita ba ta san zancen wani hoto ba. Sai ta ce ko da akwai, a tsohuwar waya ne. Sai ta ce wayar tana nan, amma ba hoton kirki ba ne, ba irin wanda ake nuna wa miji ba, kuma ita ba ta son a ce ta ci mutuncin wadda ta riga mu.

"Maƙwabciya," Kawu ya ce, "na kirkin suna nan cike da falo."

Ta shiga ɗaki, ta fito da waya mai fasasshen gilashi da aka ɗaure da roba. Sai da aka sa ta caji, muka zauna muna jira, firiza suna gurnani. Da ta kunnu, sai ga shi Mai Ƙanƙara ta fi duk danginmu yawan hotunan Uwar Biyu. Ba ta taɓa kai ƙarar ba, amma ba ta daina tara shaida ba. Ga Uwar Biyu da baho daga nesa. Ga ta a sunkuye. Ga ta ta ba da baya, ruwa yana cikin iska. Duk ta tsakanin ƙarafan taga aka ɗauka, fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba. Kawu yana murzawa a hankali.

Hoton da ke kusa da ƙarshe daban ne. A ranar Uwar Biyu ta hango wayar, ta taho. Ta zo har bakin taga, kuma da yake hannayenta biyu suna riƙe da baho, ba ta sami wanda za ta kare fuska da shi ba. Ɗankwali ya zame gefe, furfura a waje. Gumi a goshi. Baki a buɗe, a tsakiyar wata kalma da Mai Ƙanƙara ta ce ba za ta maimaita ba. Ido ɗaya ya fito kamar zai faɗo, ɗayan a rabi, yana kallon mutum kamar ya riga ya san ƙarshen zancen.

Na miƙe zaune sosai, yadda nake yi idan ta shigo ɗaki.

Kawu ya kawo wayar kusa da fuska, ya cire tabarau, ya mayar. Ya ɗora yatsa a kan nasa idon, ya juya wayar ta fuskanci inda yake fuskanta, ya sake juyo ta, don ya tabbata.

"Hagu ne," ya ce.

A nan take ya kira tagwaye, ya haɗa su a layi ɗaya. Yaya Nas ta ce ai da ma ta faɗa. Yaya Malama ta ce ƙwarai, idon dama ta faɗa, ga shi kuwa hagu ne.

Mai Ƙanƙara ta ce ba ta ba da wayarta, ko tsohuwa ce. Ta rufe firiza, ta yafa mayafi, ta biyo mu shago. Muka jera a titi, Kawu a gaba, ita a tsakiya da waya a hannu, ni a baya. Mutanen layin suka bi mu da kallo, ba wanda ya tambaya.

A allon kwamfuta komai ya ƙara fitowa. Ƙarfen taga ya ratsa kafaɗarta. Bakin bahon a fashe yake. Hasken bai yi kyau ba, kuma a bayanta ƙasa duk ta jiƙe. Na ga hannun Kawu ya tafi kan linzamin shi kaɗai. 'Yar kibiyar ta hau goshi, inda gumin yake, ta tsaya. Ta sauko kan idon. Ta daɗe a nan. Sannan Kawu ya janye hannun, ya sa shi ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai, ya danna maɓallin fitarwa da ɗayan.

Takardar ta fito a hankali. Ya karɓe ta ta gefe-gefe, ya riƙe. Bai yi kuka ba. Ya dai tsaya kamar wanda ake yi wa faɗa, kuma ya san mai faɗan tana da gaskiya. Da ya gama tsayuwar, ya fitar da na tagwaye, ya jera su.

Mai Ƙanƙara ta taso daga benci, ta leƙa ta kafaɗarsa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa yatsa, ba ta taɓa takardar ba, ta nuna ƙasan hoton.

"Ka dai ga inda ruwan yake."

Kawu ya duba. "A ƙofarki yake," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Na zaci za ta ƙara wani abu, tunda ta daɗe tana jiran wannan maganar daga bakin wani ɗan gidan. Sai ta koma ta zauna, tana juya wayar a hannu, tana gyara robar. Ta ce tun da matar nan ta tafi ƙofarta a bushe take ƙayau. Ta ce da safe takan buɗe taga, ta duba, ta rufe.

"Wanke min ɗaya," ta ce.

Kawu ya tambaye ta babba ko ƙarami. Ta ce ƙarami, wanda zai zauna a kan firiza. Ya ce to, zai sa masa leda saboda danshi.